Baƙo da Ɗan Gari: Daga Finland zuwa Ƙasar Maraɗi

Tun zuwan Somaliyawa Finland a farkon shekarun 1990, da kwararar masu neman mafaka sama da 30,000 a 2015, 'yan ƙasar ke muhawara kan wane ne ɗan asali. Da yawa suna magana kamar ƙasar ba ta taɓa sanin bambanci ba, alhali harsunan hukumarta biyu ne, Finniyanci da Swidanci, ga al'ummar Sami a arewa, ga Musulmi Tatar da suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 19. Irin wannan mantuwa ina jin ta a bakinmu, daga Gangara da Gazawa har Agye da Gidan Rumji.

Ƙasar Maraɗi masu hijira ne suka ba ta kamanninta na yau. Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yo arewa suka kafa mulki a Maraɗi. Gobirawa kuma suka tsaya a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun tarar da Azna, Fulani da Buzaye kuma suna kiwo a dajin. Wanda ke taƙama da zama ɗan gari a yau, sau da yawa jikan baƙon jiya ne.

Muna alfahari da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma ya cancanci alfahari. Amma bai hana abin da ya faru a Toda a Oktoban 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani kimanin ɗari, yawancinsu mata da yara. A ganina, zaman tare ba a bakin raha ake gwada shi ba. Ana gwada shi ne a bakin rijiya, a kan burtalin da gona ta cinye, da ranar sakin dabbobi bayan girbi.

A nan Finland ke da abin da za a duba. A Yaƙin Duniya na Biyu, ta rasa wani ɓangare na yankin Kareliya ga Tarayyar Soviet, mutum kimanin 400,000 suka baro gidajensu. Harshensu ɗaya da masu masauki, duk da haka hukuma ba ta bar su ga tausayin jama'a kawai ba: dokar 1945 ta yanka musu filaye, har daga hannun masu manyan gonaki.

A nan gida ma, tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako Gidan Rumji suna gudun 'yan bindiga. An tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawa kuwa sun raba hatsinsu da su tun kafin agaji ya iso. Sai dai ƙasar noma ta yi ƙaranci a jihar Maraɗi, kuma aron gona na baki ɗaya yakan zama shari'a idan mai bayarwa ya rasu. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye. Ya kamata magadan gari da hakimai su raya su, su rubuta kowane aron gona da iyakar kowane burtali, a kuma ba makiyayi da ɗan gudun hijira wurin zama a cikinsu.