Daga sahun salla zuwa tasha: tarihin sunan «adaidaita»

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu bi sawun keke mai ƙafa uku da ke jigilar mutane a Maraɗi da Tasawa. Hujjarmu ita ce sunansa, domin sunan ya adana hanyar da abin ya biyo kafin ya iso gare mu.

2. Asali

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Ape a 1948, daga baya Bajaj na Indiya ya yawaita ƙera irinsa. A Legas an kira shi «Keke Marwa», da sunan Buba Marwa wanda ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1999. Da aka kafa shirin NAPEP na yaƙi da talauci a 2001, sai aka samu «Keke NAPEP».

A Kano, gwamna Ibrahim Shekarau ya ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu a 2004. A 2005 aka hana ƴan acaɓa ɗaukar mata, aka kawo waɗannan kekuna domin su. Hana acaɓa da aka yi a 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, ya mayar da keken abin hawan kowa.

3. Ƙirar kalma

«A daidaita sahu» umurni ne da liman ke bayarwa kafin kabbara. Jimlar ta zama sunan shiri, sannan sunan abin hawa, kana aka gajarta ta. Wannan ƙira tsohuwa ce a Hausa, kamar yadda muke gani a «a-ci-balbal» da «a-kori-kura».

Da keken ya ƙetaro iyaka, sunan Kano ne ya biyo shi, ya zauna kusa da «kabu-kabu». Sunayen Legas da Abuja ba su kama ƙasa ba. Amma mutumin Kona ko na ƙauyukan Mayahi ya san iyakar keken: inda rairayi ya yi zurfi, amalanken shanu ne ke kai hatsi kasuwa.

4. Kammalawa

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun saba neman asalin sababbin kalmomin Nijar a wannan harshe. «Adaidaita» ta nuna cewa hanyar Kano, Katsina da Maraɗi tana kawo kalmomi kamar yadda take kawo haja. Ƙamusun da ya manta da wannan hanya zai bar masu magana a baya.