Kànàbâl

kànàbâl (sn., nj.; jam. bùkūkuwàn ~)

1. Bikin shekara na al'ummar Haiti, wanda asalinsa al'adar Katolika ce ta shagali gabanin azumin Nasara na kwana 40, amma jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suka cusa masa kiɗansu da tarihinsu har ya zama nasu. Yakan ƙare ran Talata, jajibirin Larabar Toka: an soke ~ a 2010 saboda girgizar ƙasa.

2. Jerin gwanon kansa, musamman na birnin Jakmel, mashahuri da dodannin takarda: ~ ya cika titi.

ɗan ~ (mc. 'yar ~, jam. 'yan ~): mahalarci.

Dubi rārā: kiɗan ƙahonnin gora, mai alaƙa da addinin Vodu, wanda ake yi cikin azumin har zuwa Ista.