Daga Sanƙira Zuwa Mai Gabatarwa: Tarihin Bakin Da Ke Tallata Sana'a A Kano

GABATARWA

Idan mutum ya buɗe littattafan tarihin Kano, abin da yakan tarar shi ne sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, sa'an nan malamai da attajirai. Ba kasafai akan ji labarin mutumin nan da ke tsayawa tsakanin mai sana'a da jama'a ba, watau wanda ke buɗe baki ya ce ga abin da wane ya ƙera, ga abin da wance ta dafa, ga littafin da wane ya rubuta, ku matso ku gani. A yau muna kiransa mai gabatarwa, muna jin sa a rediyo, muna ganin sa a talabijin, muna kuma haɗuwa da shi riƙe da lasifika a wajen baje koli da bikin ƙaddamar da littafi da wuraren shaƙatawa.

Manufata a cikin wannan maƙala ita ce in bi sawun wannan aiki tun daga tushensa har zuwa inda ya sauka a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi da kewayen Tarauni. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne: darajar mai gabatarwa, jiya da yau, tana rataye ne a kan ko ya ambaci mai sana'a da sunansa, ya kuma faɗi gaskiya a kan aikinsa.

TUSHEN AIKIN

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san cewa kaya ba sa tallata kansu. Saboda haka ya tanadi bakuna iri uku. Na farko shi ne sanƙira, wanda ke ɗaga maganar sarki ya isar ga talakawa, ya yi shelar ɗaurin aure, ya faɗi sunan jariri ranar suna, ya kuma bayyana kyautar da wani ya yi don kowa ya shaida. Na biyu shi ne dillali, wanda ke haɗa baƙon fatake da mai kaya, ya karɓi la'adarsa. Na uku kuwa ita ce 'yar talla, wadda ke ɗauko fura ko ƙosai ko alkaki daga hannun uwarta da ke cikin gida, ta bi lungu-lungu tana kiran masu saye.

Kowane daga cikin ukun nan yana da abin da zai yi hasara idan ya yi ƙarya. Dillalin da ya yabi turmin zane mai zuba, baɗi fatake ba za su neme shi ba. 'Yar tallan da ta kawo fura mai tsami, gobe za a ce ba ta gidan wance ce ba, a wuce ta. Ashe ke nan jarin waɗannan mutane shi ne amana, kuma sunan mai yin kayan yana tafiya tare da kayan.

Da irin wannan amana ce Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta yi suna. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da zannuwan da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara ya kai na wuri miliyan 300. Babu rediyo, babu jarida. Bakin dillalai da shaidar fatake su suka kai sunan marinan Ƙofar Mata da na Kura har bakin Bahar Rum.

LOKACIN DA WANI YA ARI BAKINMU

Zuwan Turawa a 1903, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, sun kawo wani sabon salo, watau nuni, inda akan jera kaya don kallo tun kafin a yi zancen ciniki. A gida an riƙa shirya nunin amfanin gona, ana ba manomi da makiyayi lada. Amma babban misali ya faru ne a Ingila. A 1924 da 1925 aka yi nunin kayan Daular Birtaniya a Wembili, cikin birnin Landan. A can aka gina wani gari mai ganuwa, kwaikwayon biranen Arewa, aka kai masu sana'a daga Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suna aikinsu miliyoyin 'yan kallo suna wucewa.

Hannu namu ne, amma bakin da ke bayani na Bature ne. Mai sana'a ya zama abin kallo tare da kayansa. Irin yadda jaridun Ingila suka riƙa siffanta mutanen Afirka a lokacin ya ɓata wa ɗaliban Afirka da ke Landan rai, kuma yana cikin abubuwan da suka zaburar da Ladipo Solanke har aka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925. Na kawo wannan ne don mu ɗalibai mu gane cewa tambayar wa ke riƙe da lasifika tsohuwar tambaya ce, kuma ɗalibai irinmu sun taɓa tsayawa a kanta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

ZUWAN REDIYO

Rediyo ita ce ta mayar da baki hannun masu shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1941 da 1944, Malam Bello Dandago na Kano da Malam Isa Kaita na Katsina suka zauna a Ankara ta ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, suna watsa labarai da Hausa. Bello Dandago ya dawo gida ya ci gaba da aikin rediyo, daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma da sunansa ake kiran ginin Rediyon Kano. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. A zamanin Gwamna Abubakar Rimi (1979–1983) aka kafa gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Rediyon Freedom ya buɗe a Kano a 2003, daga nan gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita.

Abin lura a nan shi ne, ma'aikacin rediyo ya gaji ukun nan na farko a lokaci ɗaya. Yana shela kamar sanƙira, yana haɗa mai kaya da mai saye kamar dillali, yana kuma shiga har cikin ɗakin matan aure kamar 'yar talla. Mutane suka saba da muryarsa har suka ɗauke shi ɗan gida. Wannan sabo ne ya sa masu shirya taro suka fara gayyatarsa ya fito fili, domin jama'a na son ganin fuskar da ke bayan muryar, kuma abin da ya yaba sukan yarda da shi.

Harkar littafi ta amfana da wannan ƙwarai. Tun gasar Hukumar Talifi ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar, matsalar littafin Hausa ita ce yadda zai isa hannun mai karatu. Da marubutan Kano suka tashi a shekarun 1980 da 1990, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suna buga littattafansu da kansu, karanta labarai a rediyo ya taimaka wajen kai su ga kunnen wanda bai iya karatun boko ba, da wanda ba shi da kuɗin saye.

TITIN GIDAN ZU

Yanzu sai mu dawo gida. Gyaɗi-Gyaɗi tana bayan ganuwa ne, a kan hanyar Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Daga Dangi titin Gidan Zu ya tashi, kuma a kan wannan titi abubuwan da muke magana a kansu suka taru. Gwamna Audu Bako (1967–1975) ya gina gidan namun dajin da ke ɗauke da sunansa a farkon shekarun 1970, kamar yadda ya gina madatsar ruwan Tiga da ta Bagauda. Da wannan ne fita shan iska ta zama al'adar talakan birni, musamman ranakun Sallah, lokacin da yara kan cika wurin, makaɗa da masu gabatarwa suna nishaɗantar da su.

A kan titin ne kuma filin baje koli yake, inda Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masana'antu da Ma'adinai da Aikin Gona ta Kano, watau KACCIMA, kan shirya kasuwar baje koli ta duniya wajen ƙarshen shekara. A nan masu shirya finafinan Hausa suka yi sansani bayan da sana'ar ta bunƙasa, a nan kuma aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014. Idan Kurmi ita ce dandalin nunin Kano ta dā, to, wannan titi shi ne na Kano ta yanzu.

Mu da muka tashi a kusa mun ga masu gabatarwa iri biyu. Akwai wanda zai bar dandamali ya tsaya a gaban mai kilishi, ya tambaye shi sunansa da na wanda ya koya masa. Sai mai kilishi ya bayyana yadda ake feɗe tsoka ta yi faɗi kamar takarda, a shanya, a tsoma ta a labu na ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna mata wuta. Zai tsaya wajen marini ya ji yadda ake haɗa baba da toka a bar su kwanaki kafin karofi ya nuna, da yadda mabuga ke dukan zane har ya yi ƙyalli. Zai kira mai gurasa da mai alkaki da baduku da masaƙin tabarma, kowa da sunansa da unguwarsa. Wanda ya saurari irin wannan hira, idan ya zo saye ba ya taya kayan da wulaƙanci, don ya san wahalar da ke ciki. A san mutum a san cinikinsa.

Akwai kuma wanda zai cinye rabin lokacin taro yana jera kirarin manyan baƙi. A bikin ƙaddamar da littafi, wanda akan yi a ɗakunan taro ko'ina cikin gari, sau da yawa akan ji shi yana shelar cewa Alhaji wane ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi kaza, a tafa, a tashi ba a karanta ko shafi ɗaya ba. Wannan ya ɗauki rabin gadon sanƙira, watau shelar kyauta, ya yar da amanar dillali. Mafi muni shi ne wanda zai yabi magani ko kayan da bai taɓa gwadawa ba, don kawai an biya shi. Dillalin Kurmi yana tsoron dawowar fatake. Shi kuwa wannan yana ganin babu mai dawowa ya tuhume shi, ya manta cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

ABIN DA KE CIKIN HAƊARI

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen ado ne. Ramuka da yawa a marinar Ƙofar Mata sun bushe. Masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda suka ɗauki dubban ma'aikata, akasarinsu sun rufe, yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari. A 2015 marina suka yi tattaki har fadar Sarkin Kano suna kukan yadda kayan ƙasar Sin ke kashe musu sana'a. Mai gabatarwa ba zai iya gyara wutar lantarki ko tsare iyaka ba. Amma yana da iko a kan abu ɗaya, watau ko yaron da ke sauraro zai ji cewa rini da jima da ƙira aikin mutunci ne, ko kuwa aikin wanda bai samu boko ba. Sana'a takan fara mutuwa ne ranar da ɗan gado ya ji kunyarta.

Akwai alamun farfaɗowa. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, takan haɗa masu abincin gargajiya da masu sana'ar hannu da marubuta a fili ɗaya. Bikin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021 ya zaunar da marubuci a gaban masu karatunsa. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai duk wanda ya kalli hawa ya san cewa bayan kowane doki akwai baduku da maƙeri da maɗinki, kuma da wuya a ji an ambaci sunan ɗaya daga cikinsu.

KAMMALAWA

Mun ga yadda wannan aiki ya taso daga sanƙira da dillali da 'yar talla, ya kuɓuce mana a zamanin nunin Turawa, ya dawo ta hanyar rediyo, ya kuma sauka a titin Gidan Zu. Da yawa daga cikinmu ɗaliban Hausa aikin da ke jiranmu ke nan, domin daga sashenmu gidajen rediyo da talabijin kan ɗebi ma'aikata. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, duk wanda Allah ya ba lasifika, ya san sana'ar kafin ya yabe ta, ya karanta littafin kafin ya ɗaga shi sama, ya kuma kira mai aikin da sunansa.

Ga malamanmu kuwa, roƙona shi ne a tura mu gidajen tsofaffin ma'aikatan rediyo da sanƙirori da dillalan Kurmi, mu ɗauki bayaninsu tun suna raye, a adana tsofaffin kaset-kaset kafin ƙura da gara su gama da su. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san gwanin. Allah ya sa mu dace, amin.