Auna Ingancin Tarihin Baka a Ƙasar Gobir

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda manazarci zai gane ko taron masu tarihi na wani gari yana da rai, watau ko amsar da suke bayarwa abar dogaro ce. An ɗauki misali daga yankin Sabon Birni da Isa, inda tarihi yake hannun 'ya'yan sarauta da makaɗan fada da malamai, kowa da ɓangaren da yake karewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada su da abin da aka riga aka tabbatar. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A Gawakuke kuma Muhammadu Bello ya ci Gobirawa da yaƙi a 1836. Wanda ya sa Bawa Jangwarzo cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ya tsallake Yakuba da Nafata ke nan. Ba ƙarya ya shirya ba, sunan Bawa ne yake haɗiye na magadansa, kamar yadda kirari ya saba yi. Abin lura shi ne ko a wurin akwai wanda zai gyara masa, kuma ko zai faɗi daga wa ya ji.

Saɓani kuwa ba aibi ba ne. Isa ribaɗin Sakkwato ce. Sabon Birni kuwa Ɗan Halima ya kafa ta bayan ya rabu da danginsa na Tsibiri. Ƙauye irin su Tsamaye yana jin bakin kowa. In aka iske amsa ta zo ɗaya a ko'ina, sai a yi hattara, don mai yiwuwa littafi ne ya koma baki: ko Infaƙul Maisuri na 1812, wanda ya zo da maganar masu nasara, ko labarun da Landeroin ya tattara lokacin shata iyakar Faransa da Ingila, aka buga a 1911. Shaida biyu masu tushe ɗaya shaida ɗaya ce.

Saura batun magada. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen yankin zuwa jihar Maraɗi, dattijo a wani gari, jikan da zai saurare shi a wani.