Tarihin Hoton Haƙori: Daga Gwajin Walkhoff Zuwa 'Yancin Majiyyaci

A watan Janairun 1896, makonni kaɗan bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire, wani likitan haƙori a birnin Braunschweig na Jamus, Otto Walkhoff, ya cusa farantin hoto a bakinsa, aka haska shi har minti 25. Hoton ya fito dishi-dishi, amma ya buɗe sabon babi a sana'ar.

Likitocin farko sun ɗanɗana kuɗarsu. Edmund Kells na New Orleans a Amurka ya shafe shekaru hasken yana dukan hannunsa, har ciwon daji ya kama shi, aka yanke masa yatsu, daga baya hannun ɗungurungum. Tun 1901 William Rollins na Boston ya yi gargaɗi, ya ce a riƙa kariya da dalma, amma 'yan kaɗan ne suka saurare shi.

Da na'urori suka inganta, ɗaukar hoton ya zama al'ada a asibitocin haƙori da dama, ko da ciwo ko babu.

A 1987 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin zaɓen wanda ya dace a ɗauka, aka sabunta su a 2004 da 2012 tare da ƙungiyar likitocin haƙorin ƙasar. Sai likita ya duba baki tukuna ya yanke shawara. Bisa ƙa'idojin 2012, babban mutum mai lafiyayyen haƙori na iya jira shekara 2 zuwa 3 kafin a sake ɗaukar hoton, kuma yana da damar tambayar dalili kafin ya amince.