Ɗan Majalisar Da En'e Ta Tura, Ya Nemi A Binciki En'e

 

In aka ambaci Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firaminista ne ke zuwa mana a rai: hoton da ke jikin takardar naira biyar, muryar da ta karɓi 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, sai kuma kisan gillar watan Janairun 1966. Mu da muke harkar alƙalami mukan ƙara da Shaihu Umar, littafin da ya rubuta yana matashin malamin makaranta. Amma akwai wasu shekaru biyar, daga 1947 zuwa 1951, da ba mu cika tsayawa a kansu ba. A lokacin ba minista ba ne, ba shugaban jam'iyya ba ne, ɗan majalisa ne kawai a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna, zamanin da Arewa duka jiha ɗaya ce. A ganinmu, a kan wannan kujera ya yi aikin da ya fi nuna ƙarfin halinsa.

Sai mun san irin majalisar kafin mu gane nauyin abin da ya yi a cikinta. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a Janairun 1947, shi ya ba Arewa majalisu biyu, ta sarakuna da ta wakilai. Ta wakilan ba ta da ikon yin doka. Ana kawo mata daftarin doka da kasafin kuɗi ta duba, ta faɗi ra'ayinta, ta kuma zaɓi waɗanda za su tafi babbar majalisa a Ikko. Bature ne ke shugabantar zamanta, kusan rabin kujerunta kuma na Razdan-Razdan ne da manyan ma'aikatan gwamnati. 'Yan ƙasa da ke ciki ba talakawa suka zaɓe su ba. Wasu Gwamna ya naɗa, mafi yawansu kuwa En'e-En'en lardunansu ne suka tsayar da su. Ta haka Malam Abubakar ya shiga, da yawun En'e ta Bauchi.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Ita ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai, ita ke da alƙalai da 'yan doka da gidan yari da Baitulmali, har makarantun elemantare da Midil. A manyan masarautu kuwa, a idon dokar Turawa, sarki shi kaɗai shi ne En'e. Majalisarsa ta masu ba da shawara ce, in ya so ya ji, in ya so ya bari. Wuƙa da nama suna hannunsa, ba mai taka masa burki sai Razdan, shi ma Razdan ya fi son a zauna lafiya haraji ya shigo.

Wanda zai tashi ya taɓa wannan tsari, da an ce ɗan sarki ne da sai a ce rikicin gida ne. Malam Abubakar ba shi da wannan rigar. An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala yana hidima a gidan hakimin Lere. Ilimi ne ya ɗaga shi: Midil ta Bauchi, Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya dawo Midil ɗin da ta yaye shi yana koyarwa har ya zama hedimasta. A 1945 aka tura shi Landan ya yi shekara guda yana ƙaro ilimin koyarwa. Duk tsanin da ya taka, ta ƙofar En'e ya bi.

Bauchin da ya yi hedimasta a cikinta ba garin barci ba ne. A nan Sa'adu Zungur yake, a nan aka turo Aminu Kano koyarwa a makarantar da Malam Abubakar ke shugabanta. Wajen 1943 zuwa 1944 suna da wani zauren tattaunawa inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawa ke zama a yi muhawara. Zauren bai yi tsawon rai ba, don tambayoyi sun fara kai wa inda ba a so, har ta kai an tambayi abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi. Cikin su ukun, Malam Abubakar ne mai sanyi. Zungur da Aminu su kan fito da maganarsu tsirara, shi kuwa sai ya auna ta, ya sa mata riga. Wannan hali ya sa Turawa da sarakuna suka natsu da shi, ya kuma sa abokan nasa suke ganin ya cika lallaɓa.

Shekarunsa na farko a majalisa ma ba su ba kowa dalilin zargi ba. Yana cikin waɗanda aka zaɓa zuwa Ikko a 1947, kuma abin da ya yi suna da shi a can shi ne kare Arewa. Ya sha faɗa cewa haɗin kan Nijeriya a takarda yake, bai kai zuci ba tukuna. A babban taron Ibadan na Janairun 1950, inda Arewa ta kafe sai an ba ta rabin kujerun majalisar tarayya, sahu ɗaya yake da sarakuna. Ba wanda zai ce ga ɗan tawaye.

Sai ga watan Agustan 1950. Malam Abubakar ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo shawara cewa a roƙi Gwamna ya kafa hukuma mai zaman kanta, ta binciki tsarin En'e a lardunan Arewa, ta faɗi yadda za a gyara shi ya dace da zamani, a kuma ba jama'a dama su tofa albarkacin bakinsu a kan abin da ta gano. Jawabin da ya raka shawarar da shi ne ya girgiza zauren. Ya tuhumi tushen barin iko duka a hannun mutum ɗaya, ya nemi a kau da wannan tsari. Ya ce har yanzu da ƙarfi ake mulkin jama'a, ba a yi wani abin kirki ba don a sami amincewarsu. Ya ambaci cin hanci da rashawa da sunansu, ya ce sun ratsa kowane mataki da kowane sashe, har talaka ya saba cewa ba ya samun haƙƙinsa sai ya miƙa wani abu. Bai kuma ƙyale Turawa ba, don su suka riƙe tsarin Lugga kamar abin da ba a taɓawa, alhali duniya ta yi gaba.

Mu tuna a gaban wa yake wannan magana. Gefe guda Razdan-Razdan ne, waɗanda aikinsu kenan kare tsarin. Ɗaya gefen kuma wazirai ne da hakimai da manyan ma'aikatan En'e, mutanen da in sun koma gida sai sun faɗi a gaban sarki sun yi gaisuwa, a tambaye su abin da aka yi a Kaduna. Shi kansa mai maganar Bauchi zai koma. Duk da haka shawarar ta tsallake, da ɗan ƙaramin rinjaye.

Ba rushe sarauta ya nema ba, kuma bai ɓoye haka ba. Hujjarsa ita ce in ba a gyara gidan da hannun masu shi ba, wata rana wasu za su zo su rushe shi. Masu rushewar kuwa sun riga sun iso bakin ƙofa, don a cikin wannan wata, ranar 8 ga Agusta, aka kafa NEPU a Kano. Mun fi karkata ga cewa wannan ne ya ba maganarsa kaifi. Da daga bakin ɗan NEPU ta fito, da an ce tsageranci ne a tura 'yan doka. Da ta fito daga bakin malamin da kowa ya shaida da ladabi, a cikin majalisar da Turawa suka gina da hannunsu, sai ya zama ba yadda za a yi a ce ba a ji ba.

Gwamnati ba ta ba shi hukumar da ya nema ba. Sai ta ɗauko jami'anta biyu, Maddocks da Pott, ta ce su zagaya larduna su rubuto rahoto. Wato an sa mai gida ya binciki gidansa. Amma ko a haka abin ya motsa. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisar sarakuna da ta wakilai ya zauna a kan batun, a 1952 kuma aka yi dokar da ta kawo ƙarshen sarki shi kaɗai a matsayin En'e. Daga nan ya zama dole sarki ya shawarci majalisarsa, in kuma ya ƙi bin ra'ayinta sai an kai maganar gaba, ba ta mutu a fada ba. Dokar En'e ta 1954 ta tattara waɗannan gyare-gyare, ta shimfiɗa ƙa'idar kafa majalisun gunduma da na ƙauye da na gari. A tsakanin waɗannan shekaru aka ga abin da a da ba a saba gani ba: Lamiɗon Adamawa Ahmadu ya bar gado a 1953, Sarkin Bauchi Yakubu na Uku a 1954.

Kada dai mu zuzuta abin ya wuce kima. Alƙalai da 'yan doka da gidan yari suna nan a hannun En'e. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, doka ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe, shi ya sa NEPU ta ci matakin farko a birnin Kano amma ba ta sami kujera ko ɗaya a majalisa ba. A wannan shekara ce Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, Malam Abubakar da Sardaunan Sakkwato suka zama jiga-jiganta. Daga nan En'e ta zama ƙashin bayan jam'iyyar, kotunan alƙalai kuma suka zama wurin da 'yan adawa suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 1952 ya tafi Ikko ministan ayyuka, daga baya na sufuri, a 1957 ya zama Firaminista. Sha'anin En'e ya rage a hannun gwamnatin Kaduna. Masu kare shi za su ce ba hurumin tarayya ba ne, kuma gaskiyarsu. Sai dai shi ne mataimakin shugaban jam'iyyar da ke cin moriyar tsarin, kuma muryar da ta tashi a Agustan 1950 ba ta sake tashi da irin wannan zafi a kan batun ba. Ya fi faɗa wa sarakuna gaskiya lokacin da ba shi da komai sai kujera ɗaya a majalisar da ba ta yin doka.

Ragowar aikin sojoji suka ƙarasa bayan ba ya duniya. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya raba sarakuna da ikon gudanar da mulki gaba ɗaya, shekara 26 bayan shawarar da ya kawo. Ginin Lugard Hall, wanda ya zama mazaunin majalisar Arewa, yana nan a Kaduna, a cikinsa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ke zama yau.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.