Yadda Fari Ya Koya Mana Tattalin Itace

Bonkuku tana cikin kwarin Dallol Boso, a ƙasar Filinge, inda kakanninmu suka yi girki a murhu mai duwatsu uku, wanda ke barin yawancin zafin wuta ya bi iska. Muddin daji na kusa, ba wanda ya damu.

Farin 1973 da na 1984 ne suka sauya lissafi. Itatuwa suka bushe, ga Yamai tana ƙara girma, motocin itace suna kwashe dajin karkara. Daga nan aka shiga yaɗa murhun ƙarfe Mai Sauƙi da na laka Albarka, masu killace wuta ƙarƙashin tukunya. A 1992 gwamnatin Nijar ta yi dokar kasuwannin itace na karkara, domin ƙauyuka su kula da dajinsu, su ci moriyarsa.

Iyaye da malamai, har yau 'yan mata ne suka fi zuwa neman itace, wani lokaci a bakin karatunsu. Rufe tukunya, jiƙa wake kafin dafuwa, kashe wuta bayan girki: kowane dami da aka rage, lokaci ne da yarinya za ta samu na zama a aji.